Tambayoyinku: Wai ana zama hafsan sojan sama ana cikin karatun jami'a?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya ya aiki. Ni ɗalibi ne aji biyu ina karanta injiniyanci, tun ina yaro bani da burin da ya wuce tuƙa jirgin yaƙi, unguwarmu kusa da filin jirgi take kullum sai naga jiragen horo suna shawagi a kanmu. Akwai ɗan kawuna da aka haifa a Amurka yace min shi yana jami'a amma duk sati yana sa kaki, wai yana karɓar digiri zai fito hafsa. Da gaske ne? In na samu na je can zasu ɗauke ni, ko akwai irinsa anan gida? Daga wani mai karatu, Kano.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Ɗan kawunka bai sharara maka ba, abin da yake ciki shi ake kira ROTC, wato horon zama hafsan soja a cikin jami'o'in Amurka, tsohon tsari ne tun dokar 1916, ɓangaren sojan sama kuma hedkwatarsa na sansanin Maxwell a jihar Alabama, da rassa wajen 145 a jami'o'i.

Yaro yana karatunsa kamar kowa, lissafi ko injiniyanci ko ma tarihi, sai dai an ɗora masa wani kwas na soja, ga faretin sati-sati da kaki, ga motsa jiki da asuba lokacin da abokan ɗakinsa ke sharar barci, gudu kuwa da agogo ake auna shi. Shekara biyun farko kamar ɗanɗano ne, wanda soja basu biya masa kuɗin makaranta ba in yaga ba zai iya ba sai ya ajiye kakin ya kama gabansa. Tsakanin aji biyu da aji uku ne ake tankaɗe da rairaya, a kwashe waɗanda aka zaɓa a kai su horon fili a Maxwell lokacin hutun bazara, wanda ya tsallake shi ke sa hannu a yarjejeniya, a riƙa bashi ɗan alawus duk wata, ranar da ya karɓi digiri a liƙa masa muƙamin laftana na biyu. Kuma fa ba kyauta bane, bashin aikin shekara 4 ne a wuyansa, in ko matuƙi ne shekara 10 bayan ya gama koyon tuƙin. Su ma ba kowa ke samun kujerar matuƙi ba, sai an haɗa makin jarabawa da sakamakon makaranta da lafiyar jiki.

To ga inda gizo ke saƙar. Muƙamin hafsa a can na ɗan ƙasar Amurka ne. Ɗan kawunka haihuwar can ce, shi Ba'amurke ne a takarda ko da tuwon dawa yake ci a gida, kai kuwa da bizar ɗalibi zaka shiga, ko wata makarantar ta barka ka zauna a ajin farko-farko anan zaka tsaya. Don haka kar ka sa Baba ya saida gona akan wannan.

Ingila ma suna da nasu tun 1925 da aka fara a Cambridge da Oxford, su har ƙaramin jirgi ake koya wa ɗalibi amma ba dole ya shiga soja ba bayan ya gama.

Mu anan an juya abin ne, maimakon soja ya biyo ka jami'a kai ne zaka je jami'ar soja, wato NDA ta Kaduna da aka kafa 1964, ka yi digiri da horo a haɗe kana kwana a bariki. Yawancin matuƙanmu ta nan suka bi, har marigayiya Tolulope Arotile, mace ta farko mai tuƙa helikwaftan yaƙi, da ta fito a 2017. Daga nan sai makarantar koyon tuƙi ta Kaduna, waɗancan da kake gani a sama a Kano kuma 'yan makarantar koyon tuƙi ta 403 ne. Matsalar kawai shekaru, akwai iyakar shekarun da suke ɗauka kuma ta JAMB, baka faɗa min naka ba, in baka wuce ba kuma tuƙin kake so da gaske to sai ka haƙura da shekara biyun da ka yi ka koma aji ɗaya, ni dai bana ganin hakan asara ce.

In ka wuce, gama digirinka ka yi bautar ƙasa ka jira DSSC, wato ɗaukar masu digiri kai tsaye, horon 'yan watanni ne ka fito hafsa, sai dai sun fi neman likitoci da injiniyoyi da lauyoyi, wato zaka fi kusa da gyaran jirgin ba tuƙa shi ba. AFIT ta Kaduna kuwa, wato makarantar fasaha ta sojan sama, kar sunan ya ruɗe ka, farar hula na karatu a ciki su fito farar hula.

Kafin komai ma je asibitin ido ka ce a gwada maka launi, zasu buɗe maka wani ɗan littafi mai ɗige-ɗige ja da kore da lamba a ɓoye a ciki. In ka karanto lambobin ba gargada, rubuto min da shekarunka mu duba maganar fom.