Shin Mama Taraba ta taɓa zama gwamna?

Tambaya: Ni ɗaliba ce a makarantar horas da lauyoyi ta Bwari, Abuja. Mun yi musu da ƙawata, ta ce marigayiya Aisha Jummai Alhassan, wadda ake kira Mama Taraba, ta yi gwamnan Taraba, ni kuma na ce sanata kawai ta yi. Barista, a raba mana gardama.

Amsa: Ƙanwata, ke ce da gaskiya, ba a taɓa rantsar da ita gwamna ba. Amma ƙawarki ma tana da madogara. A zaɓen 2015 Hajiya Aisha ta tsaya a APC, hukumar zaɓe ta ce Darius Ishaku na PDP ne ya ci. Ta kai ƙara, a watan Nuwamba kotun sauraron ƙararrakin zaɓe da ta zauna nan Abuja ta ba ta nasara, bisa hujjar cewa PDP ba ta yi zaɓen fidda gwani yadda doka ta tanada ba. Ranar na ga wata dattijuwa mai sayar da atamfa a kasuwar Wuse ta kara rediyo a kunne tana rangaɗa guɗa. Sai dai kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da Ishaku a Fabrairun 2016. Dalilin ya kamata ki riƙe shi da kyau: rikicin fidda gwani harkar cikin gidan jam'iyya ce, wanda ya shiga takarar ne ke da hurumin ƙalubalantarsa, ɗan wata jam'iyya ba shi da baki.

Abin da ke damuna shi ne kalmar "kawai" da kika sa. Kafin siyasa matar nan ta daɗe tana aikin shari'a. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta karanta lauya, ta yi majistare a Kaduna, ta zama mace ta farko da ta riƙe Antoni-Janar kuma Kwamishinar Shari'a ta Taraba, sannan a 2003 ta zama Babbar Magatakardar Babbar Kotun Abuja. Kujerar sanatan Taraba ta Arewa ma ba a faranti aka miƙa mata ba: a 2011 ta kayar da sanata mai ci a fidda gwanin PDP, ta kuma doke tsohon gwamna Jolly Nyame a babban zaɓe.

Ta yi ministar harkokin mata daga 2015 zuwa 2018. Ta rasu a Alƙahira ranar 7 ga Mayu, 2021. Allah ya jiƙanta da rahama.