Tambaya da Amsa: Me Taya ke Lalatawa a Yashi da Daji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu shida ne abokai, muna da jif biyu da babura masu taya huɗu, muna shirin zuwa tuddan yashi na Tulo-Tulowa a Yusufari bayan sallah. Wani ya ce mana hawa tudun da mota ɓarna ce. Yashi ne fa kawai, me zai lalace? (Mai karatu daga Kano)

Amsa: Wa alaikumus salam. Wanda ya faɗa muku haka yana da gaskiya, sai dai bai ƙarasa bayani ba. Tudun yashi iri biyu ne. Akwai tsirara, wanda ko tsinke babu a kansa, iska ce ke kwasarsa tana zubarwa; sawun tayarku a can ba zai kwana biyu ba. Akwai kuma zaunanne, wanda karangiya da sauran ciyayi da ƙananan itatuwa suka riƙe da saiwoyinsu. In ka durƙusa a irin wannan wurin za ka ga samansa yakan yi ɓawo siriri mai duhu-duhu, ka danna da yatsa ya fashe kamar ƙanzo. Ƙananan halittu ne suka haɗa shi cikin shekaru, shi ke hana iska ɗaukar yashin. Taya na fasa shi, hunturu ya samu ƙofa. Yashin da ya tashi kuma a kwari yake sauka, inda dabino da goruba da rijiyoyin mutane suke. Ku tambayi mutanen Gure da Maine-Soroa a Nijar wahalar da suke sha wajen kafa shingen rassa don tsayar da tudu ɗaya.

Motar farko ce ke yin mafi yawan ɓarnar. Don haka ta biyu ta bi sawun ta farko, babura ma haka, kada kowa ya buɗe tasa hanyar. Wasa a yi shi a tsiraran tudu, shiga da fita ta hanyar da motocin gari ke bi.

Kafin ku hau yashi ku rage iskar taya daga 32 zuwa 35 da ake sawa a kwalta, ku mai da ita 15 zuwa 18 a geji. Tayar takan baje ta hau saman yashi maimakon ta tona shi, ka ga an taimaki mota an taimaki ƙasa. Amma da wannan iskar kada gudu ya wuce kilomita 40 a awa, kada kuma a murɗa sitiyari da ƙarfi, taya na iya zamewa daga rim. Tudu ana hawansa a miƙe, a sauko a miƙe; ratsa shi a kaikaice ke kifar da jif. In mota ta kafe a ɗaga ƙafa daga totur nan take, ƙarin wuta ƙarin nutsewa ne. A tone gaban tayoyi da shebur, a ja da baya kan sawu. Ku tafi da famfo don mayar da iska kafin kwalta, in ba haka ba tayar za ta yi zafi ta fashe.

Dausayin Bulatura da ke wannan yanki yana ƙarƙashin gandun daji na ƙasa na Tafkin Chadi, kuma ba a shiga irin wannan gandu sai da izini. Ku nemi ma'aikatan gandun, ku gaida mai gari, ku ɗauki ɗan jagora, ku ji labarin tsaron hanya daga bakinsu.

Tambaya: Mun je Yankari, muka hango giwaye can nesa, direba ya ƙi sauka daga hanya ko da muka ce za mu ƙara masa wani abu. Mun biya kuɗi ba mu gan su da kyau ba. Wannan ba tsaurin banza ba ne? (Wata mai karatu daga Jos)

Amsa: Hajiya, direban ya kyauta muku. Giwa mai ɗa in mota ta matso ta takan kawo hari, kuma a cikin ciyawa da ramuka jif ba ta da wurin juyawa. Wannan na lafiyarku ne. Na daji kuwa, zabi da fakara da tuje a ƙasa suke ƙwai, cikin ciyawar da direba ba ya ganin ƙasanta. Dabbar da aka kora da mota, musamman dangin barewa, tana iya tsira a idonku ta je ta mutu daga baya, don tsananin gudu da firgita na lalata mata tsoka da ƙoda.

Da damina sawun taya a fadama magudana ce. Ruwa ya bi ta, baɗi ta zama rami, mota ta gaba ta kauce masa ta yi sabon sawu, hanya ɗaya ta koma biyar. Da rani kuma matsalar wuta ce: tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa zafinta kan wuce digiri 400, busasshiyar ciyawa in ta naɗe a nan sai gobara. Shi ya sa ba a tsayar da mota a kan doguwar ciyawa, kuma direban kirki kan leƙa ƙarƙashin motarsa ya cire ciyawar da ta maƙale.

In giwa kike son gani, koma da rani, wajen Janairu zuwa Afrilu, lokacin da ruwa ya janye dabbobi suka taru a bakin kogin Gaji. Fita da sassafe ko bayan la'asar.

Tambaya: Ƙasashen da wasan hawan yashi da shiga daji da mota ya bunƙasa, ta yaya suke raba tsakanin masu motoci da daji? (Mai karatu daga Damagaram)

Amsa: Da taswira suke rabawa. A Amurka, shugaba Nixon ya sa hannu kan wani umarni a 1972 da ya ce hukumomin filayen gwamnati su fayyace inda waɗannan motoci za su bi. Aka kasa filaye uku: buɗaɗɗe, mai sharaɗi (a kan hanyoyin da aka zana kawai, ko a wasu watanni), da rufaffe. Shugaba Carter ya ƙara a 1977 cewa in ɓarna ta yi yawa a rufe wurin nan take. A tuddan yashin Algodones na Kalifoniya, wani ɓangare na masu motoci ne, wani kuma tun 1994 sai da ƙafa ko a kan doki. Mai shiga da mota dole ya ɗaura tuta mai tsayin ƙafa 8 daga ƙasa, don wanda ke bayan tudu ya hango shi, salansarsa kuma ta zama mai ragar tare tartsatsi. Afirka ta Kudu ta fi tsanantawa: a 2001 ta fitar da dokar hana yawon shaƙatawa da mota a bakin teku, sai mai takardar izini.

A ganinmu tsarin kashi uku ya fi dacewa, don hani kacokan ba tare da an ware wa matasa filin wasa ba yakan sa su bi ta bayan fage, inda babu mai ganinsu.

Ku a Nijar kun san abin da mota ɗaya ke iya yi. Bishiyar Tenere, wadda ta tsaya ita kaɗai a hamada, saiwarta na shan ruwa a zurfin sama da mita 30, babbar mota ce ta kayar da ita a 1973, ga fili ta ko'ina. Gangar jikinta na gidan tarihi na ƙasa a Yamai, a gurbinta kuma an kafa ta ƙarfe.