Shafin makarantarmu yana kai mutane wurin caca, maƙiya ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malami ne a wata Islamiyya da ke ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim. Bara wani yaro ya haɗa mana shafin intanet da manhajar WordPress don sanarwa da sakamakon ɗalibai. Yanzu iyaye suna cewa in sun nemi makarantar a Google suka danna, sai waya ta kai su shafin caca. Ni kuwa in na shiga lafiya lau nake gani. Yaron ya ce masu hassada ne suka yi mana kutse. Mun canza kalmar sirri sau biyu, abin bai daina ba. Kunya ta hana ni haɗa ido da iyayen yara.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah gafarta malam, kwantar da hankalinka, ana gyarawa. Amma ka ajiye zancen hassada. Yadda kake ganin shafin lafiya alhali iyaye na faɗawa caca, da gangan aka tsara shi: muguwar manhajar tana duba mai shigowa, in shugaban shafi ne ta yi lamo, in baƙo ne daga Google ta karkatar da shi. Mai wannan aiki bai san inda Ringim take ba. Talla yake sayarwa, kowane shafi ya samu hawa yake.

Kafin komai ka tambayi yaron nan abu ɗaya: tim ɗin da ya sa wa shafin, wato rigarsa, da fulogin-fulogin ɗin, wato ƙananan manhajojin da ke ƙara wa shafi ayyuka, a ina ya samo su? In ya ce na kuɗi ne amma ya samo kirak kyauta, wato kwafin da aka cire wa makullin lasisi, to ga ɓarawonku nan, kuma yaron ne ya shigo da shi da hannunsa.

Wannan magana ta kirak ta ishe ni. Kusan kullum sai na ji wani yana bugun ƙirji wai ya sauke tim na dala 59 bai biya ko sisi ba, har yana tura wa abokai a WhatsApp da Telegram kamar sadaka. Wasu ma sayar wa mutane suke yi a shagunan intanet. Ku tsaya ku yi tunani mana. Mutum ya zauna ya cire makullin lasisi, ya buɗe shafi, yana biyan kuɗin masauki, wato hayar wurin ajiye shafi a intanet, duk wata, don kawai yana ƙaunarka? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Yana cire makullin nan yake cusa 'yan layukansa na PHP, yaren da ake rubuta WordPress da shi, kuma da zarar an kunna tim ɗin sai su buɗe masa ƙofar baya. A 2019 kamfanin tsaro na Wordfence ya fitar da rahoto kan wata cuta mai suna WP-VCD, wadda hanyar yaɗuwarta ita ce irin waɗannan kayan kirak. Tana kwafar kanta cikin fayil ɗin functions.php na sauran tim ɗin da ke shafin, tana kuma iya ƙirƙirar shugaba na ɓoye. Shi ya sa canza kalmar sirri bai yi muku komai ba. Kun canza kwaɗon ƙofar zaure, ɓarawo yana kwance a ƙarƙashin gado.

Akwai masu kawo hujja wai WordPress a ƙarƙashin lasisin GPL yake, wanda ya ba da damar kwafa da rabawa, don haka raba kayansa halal ne. Ba zan ja da su kan lasisi ba. Tambayata ita ce hannun wa ya bi kafin ya iso gare ka. Ko da an yi sa'a babu cuta a ciki, kirak ba ya samun sabuntawa daga masu shi, duk ramin da aka gano bayan nan a buɗe zai zauna. Abin takaici, wordpress.org cike yake da dubban tim na kyauta da aka duba, waɗanda sun ishi makaranta har da ragi. Shafin sanarwa da sakamako me zai yi da hotuna masu shawagi, a garin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa?

Gyaran kuwa, kada a tsaya tsince-tsince. A kwafi rumbun bayanai da hotuna a ajiye, a share sauran fayiloli gaba ɗaya, a sauke sabon WordPress daga gidansa. A leƙa foldar uploads inda hotunan suke, duk fayil ɗin PHP da ke ciki abin zargi ne. A duba .htaccess, fayil ɗin da ake iya karkatar da baƙi ta cikinsa, a duba jerin masu izinin shugabanci a cikin rumbun bayanan kansa, a cire wanda ba ku sani ba. Sai a lokacin a canza kalmomin sirri, har da na cPanel, wato wurin sarrafa masaukin. In yaron yana da wasu shafuka a masauki ɗaya da naku, su ma a wanke su, in ba haka ba cutar za ta dawo. Idan Google ya riga ya sa muku jan gargaɗi, ta Search Console, shafin Google na masu shafuka, ake neman ya sake dubawa.

Shi kuma yaron, malam, kada a ci masa mutunci, wataƙila haka aka koya masa. Amma ka zaunar da shi. Sunayen 'ya'yan mutane da makinsu ne a shafin nan, amana ce aka ba shi, ya je ya damƙa wa wanda bai sani ba. Kuma tun yana gabanka ka sa ya nuna maka da sunan wa aka yi rajistar domen ɗin, wato adireshin shafin. In da imel ɗinsa ne, a mayar da shi na makaranta kafin ya tashi.