Dalilin killace fadamun bakin teku a Amurka

Malam, ka tambayi abin da ya sa ake hana mutane da karnuka ratsa fadamun ruwan gishiri na gabashin Amurka lokacin ƙyanƙyasar tsuntsaye. Akwai wani ɗan gwara da ba ya sheƙa ko'ina sai can, daga jihar Maine zuwa jihar Birjiniya, kuma halin da yake ciki yana damuna ƙwarai. Sheƙarsa cikin ciyawa take, dab da ƙasa. Kusan duk kwana 28 teku kan yi babbar cika, dole 'ya'yan su yi ƙwarin hawa ciyawa kafin ruwan ya dawo. In aka taka sheƙar, uwar ta koma farko, lokaci ya ƙure, ruwa ya cinye su. Ga teku na ƙara hawa, gine-gine kuma sun tare bayan fadamar, ba ta da inda za ta ja baya.