Sai an yi gwaji kafin ranar dina?

Tambaya: Anti, barka da aiki. Bikina saura wata guda, a Kano za a yi. Mai tsara mana biki ta ce ana gobe dina sai mun je zauren mun gwada yadda za mu shiga, ni da ango da ƙawaye 8 da abokansa 8. Masu wurin kuma sun ce sai an ba su naira 70,000 na man janareto. Mama ta ce ɓarnar kuɗi ce, ni kuwa ina tsoron mu ji kunya a gaban jama'a. Yaya zan yi?

Amsa: 'Yata, Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya. Gwajin yana da amfani, kuɗin ne ban yarda ki biya ba.

Mutum 16 ba sa shiga a jere da kansu. Na sha ganin wata ta yi gaba da sauri, wata ta tsaya gyaran ɗankwali, mai kiɗa ya saki waƙar da ba ita aka zaɓa ba, amarya tana bakin ƙofa tana gumi. Amma duk wannan a tsakar gida ake gyara shi. Ki tara su da yamma, a kunna waƙar a waya, kowa ya san na gabansa da na bayansa. Sau biyu ya isa. Kada ki bari sai ana gobe, domin ranar kina zaune da lalle a hannu da ƙafa, gida ya cika da baƙi. Ki sa shi saura kwana 4 ko 5.

Zauren kuwa ki je da rana, lokacin da ba a buƙatar wuta, ke da babbar ƙawarki. Ki tafi da takalmin da za ki sa, ki taka daga ƙofa zuwa kujerarku, ki ƙirga matakala. Doguwar riga da takalmi mai tsini su ne ke kayar da amare.

Ki rubuta wa mai gabatarwa sunayen iyaye da dangi yadda ake kiransu, da wanda zai fara magana. Ki kuma ce ya ajiye faranti don masu kyauta, saboda dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana liƙi da tattaka naira, hukuncinta aƙalla wata 6 a gidan yari ko tarar naira 50,000.

Tambaya: Ni ne wakilin ƙanena, kuma ban taɓa karɓar aure ba. Shi ma ɗaurin aure ana gwada shi?

Amsa: A'a, Malam, liman zai ja ku a kan siga. Abin da ke kanka shi ne ka zauna da waliyyin amarya tun da wuri ku tabbatar da cikakken sunanta, da adadin sadaki, da ko lakadan ne ko ajalan. Ka riƙe kuɗin a ƙirge, goro da alewa kuma su riga ku isa masallaci.