Ruwan tsamin gasara zai kama madara?

Tambaya: Ina yin kindirmo da koko na sayarwa a Tawa. Idan kindirmon jiya ya ƙare, zan iya zuba ruwan tsamin gasara a madara don ta kama?

Amsa: Hajiya, kada ki haɗa su. Ƙwayoyin da ke tsamar da gasara sun saba da hatsi, kuma akwai yis a cikinsu. A madara kumfa za su tayar, ta tsinke, ruwa daban gudaji daban.

Kindirmo da kindirmo ake kama shi. Ki tafasa madarar, ki bari ta huce har yatsa mai tsabta ya iya jure ɗuminta, wajen digiri 43. Ki zuba cokali 2 na kindirmo a kowace lita, ki rufe, kada a motsa awa 6 zuwa 8. Da bazara ki duba da wuri, zafin Tawa ba ya jira. In kin zuba kindirmon madara na da zafi sosai, ƙwayoyinsa mutuwa za su yi.

Ki ɗebi na gobe tun kafin sukari ko ludayin ciniki ya shiga, ki ajiye a firji. Ranar da ya soma yauƙi ko warin giya, ki zubar, ki nemo sabo.