Zan tafi Saudiyya da bashin haraji a kaina, za a tare ni a filin jirgi?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni ɗan kasuwa ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Maigatari ta jihar Jigawa, ina sayen riɗi da zoɓorodo a hannun manoma ina kaiwa kasuwar Dawanau ta Kano. Makonni biyu ke nan da aka kawo mini takarda daga hukumar tara haraji ta jiha, wai ana bina naira miliyan 2 da dubu 400 na shekarun 2021 zuwa 2024. Ga shi yayana da ke Jidda ya samo mini aiki, bayan kaka nake son tafiya. Iyali za su zauna a gida tukuna, sito da gona da motar kaya kuma zan bar wa ƙanena. Wasu sun ce da na bar ƙasar magana ta mutu, wasu kuma sun ce a filin jirgi za a riƙe ni. Wanne ne gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. A cikin su biyun babu wanda ya faɗa maka daidai, amma maganar na farko ta fi haɗari a gare ka.

Bari in fara da filin jirgin, tunda na ga shi ne ya hana ka barci. Sashe na 41 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ba a hana ɗan Najeriya fita daga ƙasar ko shigowa cikinta. Inda ya yarda a dakatar da mutum shi ne idan ya aikata laifi, ko akwai ƙwaƙƙwaran zargin ya aikata. Harajin da ba ka biya ba, matuƙar ba a kai ka gaban alƙali a kansa ba, bashi ne, kuma ba aikin jami'in shige da fice mai buga hatimi a filin jirgin Malam Aminu Kano ba ne ya karɓe fasfonka saboda shi. Wataƙila labarin Amurka masu ba ka tsoro suka ji, domin can tun 2015 doka ta ba da damar a hana mutum fasfo ko a soke wanda yake riƙe da shi idan bashin harajinsa ya yi yawa. Sai dai fa a nan ma zance yana sauyawa idan ya tashi daga bashi ya koma laifi. Wanda ya rubuta wa hukuma ƙarya da gangan game da kuɗin da yake samu, ko ya je wani ya buga masa takardar shaidar biyan haraji ta bogi, ya shiga abin da ke iya kai shi gidan yari, kuma da zarar an shigar da ƙara kotu tana iya cewa ya ajiye fasfo. Saboda haka duk wanda ya zo maka da "kawo dubu hamsin in fito maka da takarda gobe", ka sallame shi tun daga zaure.

Su kuma masu cewa magana ta mutu, na san inda suka samo ta. Zamanin kakanninmu harajin na kai ne. Dagaci yana da jerin magidanta, mai unguwa ya bi gida-gida, wanda ya ga ba zai iya ba sai ya ɗaure kayansa ya tsallaka ƙasar Damagaram, ko ya tafi cin rani har ƙura ta lafa. Bafillace kuwa ya kora shanunsa kafin masu ƙirgar jangali su iso. Wancan haraji da jangalin gwamnatin Abubakar Rimi ta soke su a 1979, lokacin Jigawa ba ta ma fita daga Kano ba. Wanda ake binka yanzu wani ne daban, harajin ribar da ka samu ne, a rubuce yake da sunanka, kuma ba ya sauka daga littafi don ka hau jirgi. Ana ɗora masa tarar kashi 10 cikin 100, sannan kuɗin ruwa ya riƙa hawa kansa. Na san kai mutum ne da ba zai so kuɗin ruwa ya ratsa dukiyarsa ba, to jinkirin nan shi ne ke jawo maka biyan sa.

Kuma Alhaji, kai ne mai fasfo. Gonarka ba ta da shi, sitonka ma haka. Doka ta ba hukuma damar ta rubuta wa bankinka ta naɗa shi wakilinka, ya cire abin da ake binka daga asusunka ya miƙa mata. Haka za ta iya yi wa duk wanda kuɗinka ke hannunsa, har mai sayen riɗin da bai gama biyanka ba. Tana iya kama kayanka, buhunan da ke sito ko motar, a riƙe su kwana 14, idan ba a biya ba a yi gwanjonsu. Gida da gona da sauran kadarorin da ba a ɗagawa ne kawai ba a sayarwa sai da umarnin babbar kotu. Ka duba wa za a tarar a bakin sito ranar da aka zo: ƙanenka ne, ana sa wa ƙofa kwaɗo a gaban 'yan dako, kai kana Jidda kana jin labari a waya. Idan kuma rai ya yi halinsa, bashin yana kan abin da ka bari, kuma ka fi ni sanin cewa bashi ake fara fitarwa kafin a raba gado.

Na taɓa zama da wani bawan Allah da ya yi shekara bakwai a waje, ya dawo da 'yan kuɗinsa zai nemi takardar mallakar filin da ya saya a birni. Aka ce ya kawo shaidar biyan haraji ta shekara uku da suka wuce. Da ya je nema sai tsohuwar takardar da ya jefa a bayan sif kafin tafiyarsa ta fito, ta yi 'ya'ya. Babu wanda ya tare shi ranar fita, babu wanda ya tare shi ranar dawowa, amma wata huɗu ya yi yana zarya kafin ya taɓa filinsa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a tambayarka, wanda kai ba ka ma tsaya a kansa ba. Ka ce makonni biyu ke nan da takardar ta iso. Kwana 30 doka ta ba ka daga ranar da ta shigo hannunka ka rubuta cewa ba ka yarda da lissafin ba, tare da dalilanka. Idan suka wuce kana shiru, adadin ya tabbata a kanka ko da ya fi gaskiya yawa. Kuma ina kyautata zaton ya fi, domin ɗan kasuwar da bai taɓa kai lissafinsa da kansa ba ƙiyasi ake yi masa, galibi da abin da aka ga yana shiga asusunsa. Ni kuwa na san harkar riɗi. Mai kamfani a Dawanau ya turo maka miliyan 30 ka saya masa kaya, kuɗin su kwana biyu a asusunka su watse a hannun manoma, abin da ya rage maka la'ada ce da ɗan bambancin farashi, daga ciki kuma ka biya mota da 'yan dako da buhu da kuɗin shiga kasuwa. A kan riba ake biyan haraji, jarin wani da ya ratsa ta hannunka ba naka ba ne. Amma sai ka nuna. Ka ciro bayanan asusunka na waɗannan shekaru huɗu daga banki, ka ɗauko littafin da kake rubuta awo ko da da ajami ne, da rasitai, da saƙonnin da ke wayarka. Idan akwai kamfanin da yake cire wani kaso daga kuɗinka da sunan haraji kafin ya biya ka, ka karɓo shaidar cirewar, domin ana rage ta daga abin da ake binka. Akwai mutanenmu da suka biya wani kaso na harajinsu ta wannan hanya ba su sani ba. Ka kai takardar ƙorafin da hannunka, a buga maka hatimin karɓa a kan kwafinka. Idan ba ku daidaita ba akwai kotun sauraren ƙorafin haraji, ta shiyyar Arewa maso Yamma a Kaduna take zama.

Wani zai ce maka ai sabuwar doka ta yafe. Dokokin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, suka fara aiki 1 ga Janairun 2026, sun ɗauke haraji daga naira dubu 800 na farko da mutum ya samu a shekara. Wannan daga 2026 ne zuwa gaba, bai goge na 2021 ba. Akwai ma wani abu a cikinsu da ya shafe ka kai tsaye: mutumin da gidansa na dindindin da iyalinsa da harkokinsa suke Najeriya ana iya ci gaba da ɗaukarsa mazaunin ƙasar ko da jikinsa yana waje. Saudiyya ba ta cire haraji daga albashi, gaskiya ne, amma ribar sito da motar da ka bari tana nan a kanka kowace shekara muddin da sunanka suke.

Kada kuma ka yi saurin mayar da komai sunan ƙanenka don a rasa abin kamawa. Hukuma tana iya kallon hakan a matsayin ɓoye dukiya, kuma na ga zumuncin da irin wannan dabara ta raba bayan shekara biyar, da mai kaya ya dawo aka ce masa ai kyauta ya bayar. Ka yi masa takardar wakilci a wurin lauya, a fayyace abin da zai iya sa wa hannu a madadinka. Bayan an tsayar da adadi na gaskiya, ka nemi a yarda ka biya kashi-kashi, a rubuta yarjejeniyar, ka sanar da hukuma a rubuce cewa za ka yi tafiya da sunan wanda zai riƙa karɓar takardunka. Kowane biya ta banki, rasit kuma ka ɗauki hotonsa a waya.

Idan kuwa kasuwancin naka kamfani ne mai rajistar "Limited", ka sake rubuto mini, domin harajin kamfani na tarayya ne, lissafinsa daban. Amma yadda ka kwatanta, naka ne na ƙashin kanka. Kwana 16 suka rage maka cikin talatin ɗin, ko ƙasa da haka kafin ka karanta wannan. Ka bar wa ƙanenka cin kasuwar Alhamis ɗin nan, ka kama hanyar banki, daga can ka wuce ofishin haraji.